Liyari Mai Rubutu Biyu

A ƙasar Gumel, kamar sauran ƙasashen Hausa da Barno, idan tsohuwa ta rasu aka buɗe adudunta don rabon gado, sau da yawa a kan tarar da wani tsohon kuɗin azurfa a can ƙasa, a ƙulle cikin tsumma ko cikin 'yar batta. Wani an huda shi, wani an liƙa masa kunne don a rataya a wuya. Wani kuma in an duba da kyau sai a ga an goge wani wuri a jikinsa an yi zane, ko an rubuta suna da tsinin ƙarfe. Mai abin ta tafi da labarinsa, waɗanda suka san ranar da aka ba ta kuwa sun riga ta. Saboda haka sai magada su nufi wanda ya iya karatu a unguwa, su miƙa masa su ce, "Malam, duba mana wannan. Mene ne shi, nawa kuma zai yi?"

A zamanin da, liman da malamin unguwa kaɗai a ke kai wa irin wannan tambaya. Yanzu kuwa duk wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci ana iya kawo masa. To, ya kamata ya san abin da zai duba, ya kuma san nauyin da ya hau kansa, gama mutanen nan ba su da idon ganin rubutu sai nasa. Abin da aka ɗanƙa masa rubutu biyu gare shi. Na fari gidan buga kuɗi ya yi shi bisa umurnin sarauta. Na biyu wani mutum ya sa maƙeri ya yi masa saboda wata mace da ya ke so. Kowanne da abin da ya ke faɗi, kowanne kuma da inda shaidarsa ta tsaya.

Rubutun sarauta ya fi sauƙin karantawa, sai a fara da shi. Babban kuɗin azurfa da aka fi samu a wannan yanki shi ne liyari. Faɗinsa inci ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya, nauyinsa giram 28, watau kamar nauyin sule biyar irin na zamanin Turawa. In an kasa shi kashi shida, biyar azurfa ce, ɗaya jan ƙarfe. A fuska ɗaya akwai surar wata mace mai jiki, ta juya dama, da lulluɓi ya sauko bayan kanta. Ita ce Mariya Tariza, sarauniyar Ostiriya a tsakiyar ƙasar Turai, wadda ta gaji ubanta a shekara ta 1740. Lulluɓin nan na takaba ne. Mijinta ya rasu a 1765, ita kuwa ba ta sake tuɓe baƙaƙen tufafi ba har ta bi shi bayan shekara 15. Ƙarƙashin surar akwai ƙananan baƙaƙe biyu, S.F., farkon sunayen ma'aikata biyu na gidan bugun. A ɗaya fuskar akwai gaggafa mai kai biyu ta buɗe fukafukai, shi ya sa Larabawa su ke kiran kuɗin Abu Taira, watau mai tsuntsu. A bakinsa kewaye an buga kalmomin Latin, tsohon harshen Rumawa, masu ma'anar adalci da rangwame. An yi haka ne don kada wani ya kankare gefen ya saci azurfa ba a gane ba.

Sai lambar shekara, 1780, wadda ta ke ruɗin mutane da yawa. Ita ce shekarar da sarauniyar ta rasu. A lokacin fataken ƙasashen Larabawa sun riga sun amince da kuɗinta, sun san nauyinsa da azurfarsa ba su canjawa, ba su kuwa yarda da wani iri dabam. Don haka gidan bugun ya ci gaba da buga shi da surarta da wannan lamba, shekara da shekaru. A 1858 Ostiriya ta daina ciniki da shi a gida, amma ba ta daina buga wa na waje ba. Daga 1935 zuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu har a Rum da Landan da Faris da Bombai an buga shi, kuma har wa yau ana buga shi a birnin Biyana. Jimlar abin da aka buga ta wuce miliyan 300, kusan dukansu suna ɗauke da 1780. Ashe wanda ya ga lambar nan ya ce wa magada abin nan ya shekara fiye da ɗari biyu, ya karanta lamba daidai, amma ya ba da labarin da ba shi da hujja a kansa.

Abin da ya fi lamba nuna tsufa shi ne sulɓi. A kafaɗar sarauniya akwai wani maɓalli da aka kewaye da ƙananan ƙwayoyi kamar tsakiya. Su fatake su kan fara dubawa, in sun shafe sai su rage wa kuɗin daraja, ko su ƙi karɓa. Liyarin da ya daɗe a wuyan mace ƙwayoyin nan kan ɓace, kuncin sarauniya ya yi sumul, ramin hudar kuma ya ja sama inda zare ya yi ta ci. Na jabu kuwa, wanda aka yi zubinsa da dalma ko wani farin ƙarfe, ba ya cika nauyi, rubutun bakinsa a dagule ya ke, in an sake shi bisa dutse kuma ba ya yin doguwar ƙara irin ta azurfa.

Yadda kuɗin sarauniyar Turai ya zo adudun tsohuwa a Maigatari ko Gagarawa ba abin mamaki ba ne. Larabawan Tarabulus su ke ratso hamada da shi, waɗansu ta Bilma zuwa Kukawa, waɗansu ta Agadas zuwa Kano, Gumel kuwa tana kan hanyar da ta haɗa biranen nan biyu. Baturen nan Dokta Barth, wanda a ke kira Abdulkarimu, ya sauka Gumel cikin watan Maris na 1851, zamanin Sarki Ɗan Tanoma, ya tarar da ita babbar kasuwar kanwa. A wannan shekara liyari ɗaya wuri 2,500 ne a Kano. Keso guda, watau wuri 20,000, kaya ne na ƙato, amma liyari takwas sun tsaya a madadinsa, mutum ya ƙulla a lalita ya yi tafiyarsa. Bayan 1903 Turawa suka kawo nasu kuɗi, suka ce da shi za a biya haraji. Daga nan liyari ya bar kasuwa ya koma hannun mata da maƙeran fari, waɗanda suka narkar da shi da yawa suka yi mundaye da zobba.

Ba kullum liyari a ke samu ba. Da ya ke Maigatari a bakin iyaka ta ke, kasuwarta ta ran Alhamis kuma tana haɗa mutanen Gumel da na Damagaram, a kan ga dalar Faransa ta azurfa, mai lamba 5 da harafin F ko kalmar faran. Nauyinta giram 25, ta ɗan kasa liyari, lambar shekararta kuwa gaskiya ce. A kan ga sule da fataka masu surar itacen kwakwa da kan Sarkin Ingila. Daga 1913 zuwa wajen 1920 na azurfa ne, bayan haka aka koma buga su da wani ƙarfe mai ruwan rawaya. Kwabo da ɗari da anini masu huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida ba azurfa ba ne ko kaɗan, hudarsu kuma daga gidan bugu ta ke, ba aikin masoyi ba ne. Dukan waɗannan sun daina ci, gama Nijeriya ta yi nata kuɗi a 1959, ta kuma koma naira da kwabo a 1973.

Iyakar abin da rubutun sarauta ya ke iya faɗi ke nan. Rubutu na biyu shi ya fi wuya, shi ne kuma ya fi kusa da zukatan masu tambaya. Al'ada ce da aka sani a ƙasashe da yawa. A Ingila, tsakanin 1788 da 1868, sa'ad da a ke kwasar fursunoni a jirgin ruwa ana kai su Ostareliya, da yawansu kan sami babban kwabon jan ƙarfe su goge shi sumul, su rubuta sunansu da shekarun da aka ɗaure su, su bar wa mata ko uwa, don sun san da wuya su sake haɗuwa. A nan ƙasar, inda masu rubutu ba su da yawa a da, an fi yin huda da kunne da zanen ado. Amma wanda ya sami maƙeri mai hannu da almajiri mai alƙalami, ya kan iya sa a kwafa masa suna da ajami.

Abu na farko da mai dubawa zai riƙe shi ne, zanen hannu ƙanen kuɗin ne kullum. In fataka ta ce 1913, to, kyautar ba ta riga 1913 ba, amma tana iya biyo baya da shekara talatin. Abu na biyu, ba kowane zane ne na ƙauna ba. Ɗan karce guda mai zurfi a gefe aikin mai gwada azurfa ne. Gidaje huɗu-huɗu da lambobi a ciki hatimi ne na neman tsari. Alama kamar ta shedar raƙumi, mai dukiya ne ya shaida abinsa. Suna da aka rubuta a tsanake, aka kewaye shi da ado, aka kuma yi wa kuɗin kunne don ya kwanta a ƙirji, shi ne ya fi kama da kyautar so.

To, me zai sa mai hankali ya ɓata kuɗi da hannunsa? Amfanin kuɗi shi ne ba shi da uwa ba shi da uba. Yau yana hannun mahauci, gobe yana hannun alƙali, bai san kowa ba. In an ranci liyari aka biya da wani liyari, ba wanda zai yi ƙorafi, gama duk ɗaya ne. Amma ranar da aka rubuta masa suna ya fita daga cikin 'yan'uwansa. Mai kyautar ya yi hasara biyu yana sane: ya biya maƙeri lada, ya kuma rage wa kuɗin daraja a idon falke. Abin da ya saya da hasarar nan shi ne, ya toshe wa kansa hanyar karɓe kyautarsa. Kowa ya san yadda maigida kan ce wa matarsa, "Ara mini ɗan abin nan naki, in kaka ta yi na biya ki," kaka ta zo ta wuce shiru. Kuɗi mai sunan mace kuwa ba ya shiga kasuwa sai da kunya, don duk wanda ya juya shi zai gane daga wuyan wa aka ciro shi. Alkawari ne mutumin ya ɗaure kansa da shi tun yana da hali, domin ranar da ba shi da shi.

Ba kuwa ƙaramin abu ba ne. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya dirhami uku ne na azurfa, azurfar da ke cikin liyari ɗaya kuwa ta ninka wannan fiye da sau biyu. Manomin da ya ba da shi ya ba da gumin damina.

Waɗansu za su ce wannan almubazzaranci ne. Maganarsu tana da ƙarfi in kuɗin da ke ci ne a hannun jama'a, gama shi na kowa ne, dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ma ta hana a yi rubutu a jikin naira ko a ɓata ta. Amma azurfa ko an zane ta nauyinta na nan, sai ɗan abin da magagari ya ci. Ta zama ado ga mace, ta zama ajiya gare ta wadda ba mai taɓawa sai da yardarta. Dukiyar da ta koma haka ba a ce an watsar da ita ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa irin wannan kyauta ta fi nauyi a ƙasar Hausa. Mutanen da masu kunya ne. Mace ba ta kama sunan mijinta, sai ta ce maigida, ko malam, ko shi. Namiji kuma ba ya nuna son matarsa gaban mutane, kada a ce ta mallake shi. 'Ya'ya su kan girma su tsufa ba su taɓa jin kalma ɗaya mai taushi tsakanin iyayensu ba, har su zaci zaman haƙuri kurum aka yi. Abin da baki ya ji nauyin faɗi shekara arba'in, shi ne wani lokaci a ke tararwa a jikin ƙarfe.

Daga nan ne aikin mai karatu ya ke zama amana, gama jarraba iri biyu na jiransa. Ta farko ita ce ta son abin duniya. Ya ga azurfa ce, masu ita ba su sani ba, sai ya taɓe baki ya ce, "Wannan ai tsohon ƙarfe ne, kawo in ba yara abin sayen ƙosai." Wannan sata ce, ta kuma fi ta ɗan sane muni, don dukiyar marayu ce, kuma ilminsa ya yi tsani da shi. Ta biyu ta fi ɓoyuwa, ita ce ta son faranta rai. Ya ga idon mutane a kansa, ba ya so ya ce iyakar saninsa ke nan, sai ya shiga ƙari: wai na Sarkin Gumel ne, wai daga Makka aka zo da shi, wai zai sayi gida. Su tafi da murna, maƙeri ya auna ya faɗi gaskiya, sai zargi ya shiga tsakanin 'yan'uwa, kowa na cewa an ɓoye masa wani abu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da ta alheri ce.

Amma akwai abin da ya fi waɗannan wuya. A ce tsohuwar da ta rasu sunan mijinta Audu, kowa ya sani, da shi ta haifi 'ya'yanta duka. Mai karatu ya juya liyari ya ga an rubuta Habu. Ga 'ya'ya da jikoki da surukai a tsaye, kowa ya kasa kunne. In ya ce Audu aka rubuta ya yi ƙarya, gobe kuma wani mai karatu zai tone shi. In ya ɗaga murya ya ce Habu, kafin magariba mata a bakin rijiya sun ƙaga wa matacciya labari, ita kuwa ba ta da bakin kare kanta.

Hanyar da ta fi ita ce ya tuna inda shaidar rubutu ta tsaya. Ƙarfen ya ce Habu, bai ce kome ba bayan haka. Mai yiwuwa sunan ubanta ne, ko wanta, ko mijin fari da ya rasu tana yarinya. Mai yiwuwa daga uwarta ta gada, sunan kakan kakanni ne. Mai yiwuwa jingina aka kawo mata ba a fansa ba, ko a kasuwa ta saya da sunan a jiki. Ko da kuwa wani saurayi ne ya ba ta toshi kafin a ɗaura mata aure da wani, ajiye ƙarfe a ƙasan adudu ba laifi ba ne, matar da ta riƙe gidanta shekara hamsin kuwa ba a auna ta da baƙaƙe uku. Don haka sai mai karatu ya faɗa wa taro abin da ya shafi taro, watau irin kuɗin da nauyinsa da azurfarsa. Sa'an nan ya ja babban magaji gefe ya ce, "Yaya, akwai suna a jiki, ga abin da aka rubuta. Wane ne shi, ƙarfe bai faɗa ba, ni ma ba zan faɗa a madadinsa ba." Bai yi ƙarya ba, bai kuma tona asirin da ba nasa ba. Faɗin gaskiya wajibi ne ga wanda aka tambaya, amma zaɓen wurin faɗinta da kunnen da zai ji ta aikin hankali ne.

Saura tambayar ƙarshe, ko daidai ne a sayar. A shari'a abin nan dukiya ce cikin gado kamar tunkiya da tasa, kowane magaji da rabonsa a ciki. Wanda ya fi ƙaunarsa ba shi da ikon ɓoye shi don ƙauna. Hanya ita ce a kai wa maƙera biyu ko uku su auna, a san kuɗinsa na gaskiya, wanda ya ke so ya riƙe a lissafa masa cikin rabonsa. In kuwa ciwo ya kama yaro, ko rumbu ya ƙare damina ba ta kai ba, a sayar ba tare da nauyin zuciya ba. Wanda ya ba da shi ya ba da ne don matar nan ta sami abin dogara ranar ƙunci, jinyar jikanta kuwa tana cikin abin da ya nufa. Abin ƙi shi ne a narkar da shi don sayen abin da zai ƙare kafin sati, alhali azurfa ana samun wata, hannun da ya yi zanen kuwa ba ya dawowa.

Ko za a riƙe ko za a sayar, akwai aiki ƙarami da mai karatu zai yi wanda mutanen da ba su sami halin yi ba. Kada ya bari a dirje kuɗin da toka ko rairayi don ya yi haske, gama zanen hannu ba shi da zurfi, shi zai fara tafiya. Ya ɗora takarda a kai ya goga fensir a hankali har sura ta fito, fuska da baya. Ya rubuta a ƙasa sunan mai shi, da garinsu, da shekarar da ta rasu, da abin da tsofaffin gida suka tuna, ya bambanta abin da aka gani da ido da abin da aka ji a baki. Sa'an nan ya ba babban gida ya ajiye tare da takardun gona. Ko maƙeri ya zuba liyarin a wuta ya zama zoben wata amarya a Sule Tankarkar, jikokin tsohuwa za su buɗe takarda su karanta da kansu, ba sai sun nemi mai duba musu ba.